Hoton Lambar Barmo

"Ɗaga shi sama kaɗan, Malama. A'a, kin yi yawa."

Farin kwali ne a hannuna, ina mayar masa da haske, ni da na koyar da tarihi a Zariya har na yi ritaya ban taɓa riƙe wa kowa kwali ba. Maidaji na sunkuye a bayan kyamara, yana numfashi kamar wanda ya hau bene da kaya. Ciwon zuciya ya riga ya ci shi, kowa a benenmu ya sani.

Maƙwabcinmu ne a nan ƙasar waje da muke zaune, ƙofarsa na kallon tamu. Ni ina zaune wajen 'yata Rahila, mai sayen tufafi a kasuwar Baima tana aikawa Kano. Shi kuwa sana'arsa ɗaukar hoton kaya. 'Yan kasuwa su kawo takalmi ko jaka, ya shimfiɗa ƙyalle, ya kunna fitilu, ya fito da abin har mai shi ya ji kamar ya saya.

A ranar ba kayan kowa ba ne a kan teburin. Baƙin karammiski ne, a tsakiya lambar soja, tauraro na tagulla mai koɗaɗɗen zare. Ta mahaifinsa ce, Barmo, wanda Turawa suka kai yaƙin Bama a yaƙin duniya na biyu, ya yi ta dakon akwatunan harsashi a ka. Bai bar hoto ko ɗaya ba. A gefen lambar Maidaji ya jera jan furen nan da Turawan Ingila ke maƙalawa a ƙirji duk Nuwamba don tuna sojojinsu, fofi suke ce masa. Ya ce ya je kasuwar furanni a unguwar Liwan ya nuna hoton furen a waya, mai shagon ta dube shi sama da ƙasa ta ce meyo, wato babu a yarensu, ta juya masa baya. Sai na ƙyalle ya samu wajen masu yi wa Ingila sari.

Na ce ai ta yi masa da sauƙi. Na gaya masa furen nan ɗan'uwan wanda ake yin ƙwayar maye ta ofiyom da shi ne, kuma a bakin kogin garin nan Ingila ta taɓa buɗe wa mutanen ƙasar nan wuta don su ci gaba da sayen ofiyom ɗin suna sha. Na ƙara da cewa a filayen Turai ya tsiro, Barmo bai taɓa ganinsa ba, abin da ya gani ruwan sama ne da matsattsaku. Ban rage masa komai ba, don ni ban yarda cewa duk abin da aka saba yi shi ne daidai ba.

Ya saurare ni har na gama, ya zauna a bakin gado.

"Na sani, Malama. Amma shi suke gani su tsaya. Na duba hotunansu har na gaji, ban ga namu ko ɗaya ba. So nake jikokina su gani su san Baba ma yana ciki." Ya yi tari, ya yi murmushi. "Abin da Baba ya fi kewa a can goro ne. In na sa goro kuma, sai a ce talla nake."

Na yi dariya ba da son raina ba.

Bai ɗauki hoton a ranar ba, gwaji kawai ya yi. Ya ƙi kunna fitilunsa, wai fitila ta kayan sayarwa ce. Hasken rana yake so, ga shi benayen unguwarmu sun matse juna har mutum zai iya miƙa wa na ƙetare gishiri ta taga. Rana ba ta shiga ɗakinsa sai ɗan lokaci bayan azahar. Makon nan kuwa hadari ya rufe gari ya ƙi tafiya. Kullum in shiga, mu zauna mu dubi taga, mu yi gardama, in koma.

Ran Laraba ƙafafunsa suka kumbura, Harouna na Maraɗi, abokinsa, ya kai shi asibiti. Da aka zo fita da shi ya tsaya a ƙofata, ya ce komai a saite yake, kada a taɓa masa tebur. Na ce wa zai taɓa. Washegari da hantsi Allah ya yi masa cikawa, a nan aka yi masa sutura.

Bayan addu'ar uku Harouna ya zo kwashe kaya, mai gidan haya na son ɗakinsa. Na roƙe shi ya bar tebur da kyamara zuwa ƙarshe. Ya ce, "Hajiya, sai dai zuwa jibi."

Rahila ta ce in kunna fitila in danna kawai, Balki 'yar Maidaji da ke Kano ba za ta san bambanci ba. Na ce ni zan sani. Da ta fita na tsaya a kan teburin. Babu mai hana ni kwashe furannin nan, kuma har yanzu ina ganin gaskiyata. Ɗaya ya ɗan karkace, ƙila lokacin da ake fitar da katifa. Na gyara shi yadda ya ajiye.

Ranar farko rana ba ta fito ba. Ta biyu na yi azahar a ɗakin, a kan siminti, na jingina kwalin da kujera, na zauna. Ana ta jan amalanken kaya a ƙasa, wata tana soya tafarnuwa a benen ƙetare. Can sai wani siririn haske ya faɗo a gefen karammiskin. Ya fara taɓa furannin, na jira. Da ya hau kan tagullar na danna, na sake dannawa ko da na farkon bai fita ba.

Ban tashi nan da nan ba. Hasken ya sauka daga teburin, ya bi bango inda gadon yake a da, ya yi sama a hankali.