Ranar Ɗauko Salamatu

Mai mashin bai gama tsayawa ba na dire a ƙofar ƙaramin asibitin, don ni Hamman ba a taɓa riƙe mini hannu na sauka daga abin hawa ba. Ni ne kububuwa ta sara a dajin Doma na tako gida da ƙafata. Ni ne motar doya ta kife da mu a hanyar Shabu, na fito ina kakkaɓe riga. Asibiti kuwa, sai dai na kai wani.

Abin da ya taso ni daga rugarmu ta bayan Ashige da sassafe shi ne 'yata. Salamatu mutane ke kiranta, ni dai ban taɓa kama sunanta a gabanta ba, 'yar fari ce. Tana aure a Lafia, cikinta na farko ya shiga wata na bakwai, kuma a wajenmu nan ne mace ke komawa gidan ubanta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wanka a can. Tun da uwarta ta rasu, samarin kuma suka yi kudu da shanu, gidana ya yi shiru. Da yamma nakan zauna ina jin motsin kaji suna hawa bishiya. Kukan jariri nake so na ji a tsakar gidan nan, da hayaƙin ruwan wanka, da mata suna shiga suna fita suna hana ni wurin zama.

Gidansu na fara biyawa, mijinta Musaddiq ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ta tafi awo. Ya so ya ƙara wata magana, sai ya haɗiye ta. Ban tambaye shi ba. Suruki ba ya tona suruki.

Na same ta a kan benci cikin mata masu ciki, kowace riƙe da katinta. Tana ganina ta ja mayafi ta rufe gabanta, ta zame ƙasa.

"Sannu da hanya, Baffa."

"Goggonki ta ce ki haɗa kayanki," na ce, ina kallon bishiyar mangwaro. "Yau za mu wuce."

"To, Baffa."

Ka ji 'yar halak. Amma wata mata gajera mai farar riga, waya a kowane hannu, ta juyo daga bakin ƙofa. Erdoo sunanta, 'yar ƙabilar Tibi ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Gwamnati ta sa matan talakawa masu ciki a inshora, awo da magani da haihuwa duk a kan kati, ita kuma Erdoo aikinta bin su. In mace ta ƙi zuwa awo ta kira ta, in ba ta ɗauka ba ta bi ta har gida.

"Baba, kai ne baban Salamatu? Ina za ka kai shi?"

"Gidan ubanta. Ko shi ma sai da kati?"

Matan benci suka kwashe da dariya. Erdoo ba ta yi ba. Ta dubi yarinyar.

"Salamatu, ka faɗa masa abin da hoton sikanin ya nuna?"

Yarinya ta ƙara sunkuyar da kai. Ta ina za ta faɗa? 'Yar da ko kalmar ciki ba za ta furta a gabana ba, in za a yanka ta.

"Wannan kunya naku zai kashe ni," in ji Erdoo. "Baba, zo nan."

Ta ja ni gefen tankin ruwa, ta yi mini magana ƙiri-ƙiri, irin wadda tun da na yi gemu mace ba ta taɓa yi mini ba. Wai mabiyiya ta kwanta ta tare hanyar da ɗa zai fito. Wai jini yana iya ɓallewa ba sallama, in ya ɓalle kuma ba ya jiran kowa. Ta riga ta haɗa yarinyar da babban asibiti inda za a yi mata tiyata, ta samo direban da zai zo ko da wane lokaci aka kira shi, mijin kuma an gwada jininsa ya dace. Katin kuma da asibitin nan aka ɗaure shi, nan ne suka san ta.

Na ce, "Ke yarinya, uwata a bayan garke ta haife ni, ta yanke cibi da kanta, ta tashi ta tatsi nono. Ga ni nan, ƙarfe. Shanu nawa na karɓi haihuwarsu da hannun nan? Har ɗan maraƙin da ya zo a juye na gyara."

"Baba, Salamatu saniya ne?"

"Ban ce ba."

"Rafin da ke tsakanin rugarku da titi fa, in an yi ruwa mashin yana wucewa?"

"Ni ina wucewa. Ruwa har wuya na sha ƙetare shi, sanda a kai."

"Kai kana wucewa. Da mace a bayanka, jini yana zuba?"

Ta ce ita ba za ta ɗaure kowa ba, yarinyar ta riga ta gaya mata in Baffa ya ce a tafi, tafiya za ta yi. Daga nan ta kira yarinyar ciki, ta bar ni tsaye a jikin taga.

Ban yi niyyar saurare ba. Sai kawai wani sauti ya fito daga na'urarsu, fat-fat-fat, da sauri, kamar ɗan maraƙi ya tsinke igiya yana zagaya garke. Na ji Erdoo ta ɗaga murya, da gangan ta yi: "Ka ji zuciyan jikan Baba? Mai ƙarfi kamar kakansa." Na dafa bango. Kafin ta rasu, uwar yarinyar nan ta sha cewa ita za ta fara yi wa jikanta na fari wanka. Na tsaya ina ji har aka kashe abin, kuma da za a bar shi har la'asar, da ina nan.

Da 'yata ta fito, ta sake durƙusawa.

"Baffa, bari na je na ɗauko kayan."

Idonta ya yi ja. Na san tana son gida kamar yadda gida ke son ta. Na kuma san in na ce ki zauna saboda abin da Erdoo ta faɗa, na buɗe abin da ta rufe da mayafi, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Na yi gyaran murya. "Na tuna wani abu a hanya. Ɗakin nan da za ki sauka yoyo yake yi. Ba ya kwantuwa a daminar nan. Ki zauna a ɗakinki tukuna, in kin... in an kwana biyu, goggonki za ta zo ta zauna da ke."

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Duk ƙasar Ashige an san jinkar Hamman. Wancan ɗakin kuwa da kaina na yanko ciyawarsa, na hau na rufe shi kafin ruwan farko, ko ɗigo bai taɓa ratsa shi ba. Ta sani sarai.

"Allah ya sa a gyara, Baffa," ta ce a hankali.

"Amin."

Erdoo ta leƙo. "Baba, in ya haihu zan kira ka. Kana da waya?"

"Maƙwabcina yana da ita. Ki ce masa Hamman, ba wanda bai san ni ba."

Na fita bakin titi na ɗaga hannu. Wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya leƙa bayana.

"Baba, mutum biyu ne?"

"Ɗaya," na ce. "Ja mu je."