Rantsuwar Kyaftin Bamanga

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Kyaftin Bamanga ya rantse ba zai sake taka ƙasar Gombe ba. In ka ji dalilin sai ka yi dariya. Yana makarantar tuƙin jirgi a Zariya, wansa Bubayero ya yanke masa tattabarunsa talatin da biyu, aka soye wa baƙin suna. Da ya dawo gidansu a unguwar Shamaki da ke Gombe ya tarar da akurki wayam, Bubayero ya ce ai naman ma tauri gare shi. Wannan maganar ce ta fi yankan tattabarun yi masa ciwo. Ya ɗaga yatsa sama a tsakar gida ya yi rantsuwa, mahaifiyarsu Inno tana cewa ya bari, bai bari ba.

Mutum ne mai taurin kai, ya kuwa riƙe. Inno ce take bin sa Abuja, har gwiwa ta hana ta, suka koma waya.

Ranar wata Talata ya taso daga Maiduguri zuwa Abuja da fasinja tamanin da huɗu. Sun daidaita a sama, ana raba biskit, sai fitila ta kama a gabansa. Baƙin man injin hagu yana zurarewa, zafi yana hawa.

Mutanen baya suna zaton in inji ya samu matsala matuƙi salati yake yi yana danne-danne. To, ba haka ba ne. Bamanga ya riƙe jirgin tukuna, don jirgi na iya tafiya da inji ɗaya, amma ba ya tafiya da matuƙin da ya rikice. Mataimakiyarsa Millicent, 'yar Kaltungo, ta buɗe takardar matakai tana karantowa layi-layi yana amsawa, kamar ɗalibin Islamiyya. Da ta ɗora hannu a kan makunnin injin, ba ta ja ba sai da ta tambaya.

"Na hagu, Kyaftin?"

Ya duba da kyau. "Na hagu."

Haka doka ta ce, don an taɓa samun gwanayen da suka kashe mai lafiyar suka bar mara lafiyar. Ta kashe. Jirgin ya ɗan karkata, ya taka feda ya miƙar da shi.

"Fili mafi kusa Gombe ne," in ji Millicent. "Minti goma sha biyu. Sama garau."

Ta san labarin tattabarun, duk kamfanin an sani, don haka ba ta kalle shi ba. Shi kuwa zuciyarsa ta ce masa ai Bauchi ma ba nisa. Ya ji kunyar wannan tunanin ƙwarai, domin mutum tamanin da huɗun nan ba su ci masa ko fiffike ɗaya ba.

"Kira Gombe," ya ce.

Ta sanar da hasumiyar filin jirgin, aka ba su hanya, aka fito da motocin kashe gobara. Ya yi wa fasinja magana da muryar nan ta matuƙa, mai sanyi kamar ana sanar da ɗaurin aure: inji ɗaya ya huta, za a sauka a Gombe, kowa ya ɗaura bel. Wani Alhaji ya fara yafe wa mutanen da ba su nemi yafiyarsa ba. Tayoyi suka taɓa ƙasa lafiya lau, aka yi ta kabbara da tafi.

Kowa ya sauka. Injiniyoyi suka zo suka leƙa, suka ce gyaran sai gobe. Bamanga yana zaune a kujerarsa, ya harɗe hannu.

"Oga, a nan za ka kwana?" in ji Millicent.

"Akwai biskit."

Ta girgiza kai ta fice.

Amma Gombe ba a ɓoye mata labari. Wani fasinja ɗan Tudun Wada ya ji sunan matuƙi, ya buga wa matarsa, ita kuma ta leƙa Shamaki ta gaya wa Inno. Kafin la'asar wayarsa ta yi ƙara.

"Bamanga."

"Na'am, Inno."

"An ce kana filin jirgi na Lawanti, ka maƙale a cikin jirgi kamar jemage."

"Inno, kin san na yi rantsuwa."

"Na sani, a gabana ka yi. Na tambayi malamai tun a shekarar, suka ce kaffararta ciyar da miskinai goma ne. Na sa an ɗora tukunya. Bubayero ne ma ya tafi cefane."

"Inno, ba wannan ba ne..."

"Saurara. Kullum in na idar da salla roƙon Allah nake ya sauko mini da kai. Ban ce masa ya taɓa injin mutane ba, wannan shi ya ga dama. Ka sauke 'ya'yan wasu lafiya, kowa ya tafi wurin uwarsa. Ni nawa ɗan fa?"

Ya ji muryarta ta tsufa fiye da yadda ya sani, hawaye ya cika masa ido.

Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. A matakalar ƙarshe ya ɗan tsaya, wayar tana kunnensa.

"Ka sauko?" ta ce.

"Na sauko, Inno."