Ƙarshen Jirgi Ja

Likitan ido bai yi mini kwana-kwana ba. Ya kashe 'yar fitilar da yake haska mini, ya ja kujerarsa baya, ya ce idon dama ya riga ya tafi, na hagun kuma in ya ƙara wata biyu yana gani to in gode wa Allah. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cina ban sani ba. Ya ce in akwai abin da nake son gani, in je in gan shi tun yanzu. Na san fuskar 'ya'yana yake nufi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ya faɗo mini a rai wani baƙin kaset ne na bidiyo da ke kulle a durowar shagona shekara goma sha tara.

Bari in faɗa muku yadda aka yi, kada ku ce ciwon ya taɓa mini kai.

Muna yara akwai wani shiri da ake sakawa a talabijin kowace Alhamis da ƙarfe biyar. Labarin wani jirgin sararin samaniya ne da ya ɓace, yana ta kewaya wata matacciyar duniya, mutanen cikinsa suna neman hanyar komawa gida. Ba mu iya karanta sunansa ba, sai muka sa masa Jirgi Ja, don in ya gifta allon har bangon falonmu sai ya yi ja. Da wani yare suke magana wanda ba mai jin ko kalma ɗaya a layinmu, amma Yayana ya rantse yana ji. Sai ya zauna dab da talabijin yana fassara mana, mu kuma baki buɗe. Sai da na yi gemu na gane duk ƙarya yake shirga mana.

Mu huɗu ne, kowa ya ɗauki muƙami a jirgin. Yaya shi ne Kyaftin, wa zai yi masa gardama. Wata yarinya 'yar maƙwabta ita ce Matuƙiya, har yau kuwa ko keke ba ta iya ba, ungozoma ce a asibiti. Wani ɗan lukuti ya zama Kuku, yanzu gyaran firij yake yi. Ni aka ba Injiniya, wato ni ne mai fita waje in riƙe sandar eriya ina juyawa suna ihun "haka, haka, tsaya nan!" Rabin shirin nan ta taga na kalle shi.

Kashi hamsin da ɗaya muka gani. Ranar na hamsin da biyu, na ƙarshe, mun yi wanka tun azahar mun jeru, sai ga wani mutum da laktaye yana bayani a kan takin zamani har awa guda. Ba su ƙara saka Jirgi Ja ba. Na yi kukan da har Mama ta ce ko mutuwa aka yi.

Shekaru suka ja, intanet ya shigo, Yaya ya buɗe kafe, wato shagon intanet, da kwamfuta shida a wannan shagon da nake ciki yanzu. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane ba. Kafin layi ya kama sai na'urar ta yi ta ƙugi kamar an take wutsiyar mage, hoto ɗaya kuma daga sama yake sauka a hankali, ka ga gashin mutum ka je ka sha ruwa ka dawo kafin haɓarsa ta iso. A nan Yaya ya buɗe wani dandalin hira a intanet mai launin toka, ya rubuta: wa ya taɓa ganin jan jirgin nan? Sai ga mutane daga ƙasashen da ban san da su ba suna amsawa, su ma an yanke musu a wuri ɗaya. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Ashe ba mu kaɗai aka bari a rataye ba. Can wani dattijo daga wata uwa duniya ya ce ya naɗi kashin ƙarshe a kaset, zai aiko mana.

Wata huɗu kaset ɗin ya yi a hanya. Ya iso kwana goma sha ɗaya bayan Yaya ya tafi ƙasar waje neman aiki, da alkawarin shekara ɗaya zai yi ya dawo.

Kuku ya so a saka a ranar, har ya ɗauko bidiyon gidansu a ka. Na ce ina! Ba mai kallo sai mun cika mu huɗu a ɗaki ɗaya, Alhamis ƙarfe biyar. Na rubuta dokar a dandali da manyan baƙaƙe, na jefa kaset ɗin a durowar ƙasa, wadda ke jikin bango, na murza makulli.

Shekara ɗaya ta zama uku, uku ta zama goma. Waya ta kashe kafe, na sayar da kwamfutocin sai ɗaya, na koma fotokwafi da buga takardu, kujera ɗaya, fanka ɗaya, bangon nan da ke jiƙewa duk damina. Mutanen dandali suka watse ɗaya bayan ɗaya, dattijon ma ya yi shiru, muka rage mu huɗu muna rubuta wa juna gaisuwa duk Alhamis a shafin da ba mai leƙawa. Mun bincike intanet kaf, ba Jirgi Ja sai daƙiƙa arba'in na kiɗan farko. Duk shekara sai an roƙe ni, duk shekara in ce a'a. Yaya da kansa ya ce mu kalla kawai, shi a nuna masa ta waya. Na ce masa in yana son gani ya san hanyar gida. Gaskiyar magana haushinsa nake ji. Mama ta rasu bai zo ba, na yi aure bai zo ba, kullum "abubuwa ne suka yi yawa, ƙanena." Na riƙe kaset ɗin nan ne don shi kaɗai ya rage mini da zan jawo shi da shi.

Daga asibiti shago na wuce. Na kunna tsohuwar kwamfutar, na manna hancina a allo, na rubuta abin da likita ya ce, na ce a saka kaset ranar Alhamis, Yaya ya shigo ta waya.

Matuƙiya ce ta fara amsawa. Sai kawai ta kwafo maganata ta shekara goma sha ɗaya baya ta liƙa a ƙasa: "Waya ba halarta ba ce. Ko mutuwa ɗayanmu zai yi, doka doka ce. Injiniya." Tsohon dandali ba ya mantuwa, abin da ka faɗa yana nan yana jiranka. Na zauna ina kallon bakina da ya kulle ni, takaici kamar in fasa allon. Minti goma sai ga ta a ƙofar shago da rigar aiki, idonta jawur.

"Kai dai an yi ɗan banzan taurin kai," ta ce. "Shekara nawa nake ce maka ka je a duba idon nan? Tashi ka ba ni makullin."

"Ba sai Alhamis ba?"

"Ka ji shi ko! Har yanzu dokar ce a bakinka."

Abin da ba mu lissafa ba shi ne bidiyon da za a saka kaset ɗin. Wa ke da shi yanzu? Na gidan su Kuku an daɗe da ba 'yan gwangwan. Mako biyu yana zagaye kasuwa kafin ya samo wani a ƙarƙashin tarkacen wani mai gyaran rediyo, shi ma robar da ke juya shi ta tsinke. Neman roba ya ci mako uku. Ni kuwa kullum na farka sai in ga an ƙara rufe mini wani gefen. Na fara buga wa mutane takarda a juye, mai ɗakina ta fara rako ni shago tana riƙe da gwiwar hannuna kamar wani tsoho. Ina zaune cikin bango huɗun nan ina ƙirga Alhamis, ba abin da zan iya sai kiran Kuku in zazzage shi, shi kuma ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, mu da muka jira ka shekara goma sha tara."

Ranar da komai ya haɗu, abin da ya rage mini haske ne da duhu, sai launi in ya yi ƙarfi. Muka ja ƙofar shago rabi. Kuku ya haɗa wayoyi, Matuƙiya ta zaunar da ni dab da talabijin, a wurin Yaya na da, ta kira shi, ta jingine wayarta a kan injin fotokwafi yadda zai riƙa ganin allon. Muryar Yaya ta fito, ta tsufa.

"Injiniya, an gyara eriya?"

"Ka yi mana shiru, Malam," na ce. "Kuku, saka."

Kaset ya shige, ya yi ƙara, sai kiɗan nan ya tashi. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na buɗe idon hagu iya ƙarfina, na matsa har ina jin ɗumin gilashin a fuskata. Fari kawai nake gani yana rawa. Na ce a raina shi ke nan, na makara, idon ya riga ni. Na ji Kuku yana taɓa wani maɓalli, ya sake taɓawa, ya ja dogon numfashi.

Sai mutanen jirgin suka fara magana da yarensu, Yaya kuma ya gyara murya kamar shekara talatin ba ta wuce ba.

"To, ga jirgin nan ya fito. Injiniyansu yana cewa ya gano abin da ya lalace, ashe waya ɗaya ce tun farko."

"Ga shi can yana gudu a lungun jirgin," in ji Matuƙiya, da sauri. "Ya tsufa, har da furfura."

"Sun fita daga kewayen!" Kuku ya buga cinya. "Kai, ka ga wuta!"

Ina ta gyaɗa kai, hawaye na zuba, ina ganin abin a cikin kaina tsaf. Har aka zo wurin sauka. A tare suka faɗa, Matuƙiya ta ce a kan teku, Kuku ya ce a kan yashi. Kuku ya ce, "Wato... bakin teku."

A nan na gane. Ja dai ina ganinsa har yanzu, ko da safen nan na ga jan bokitin mai ɗakina. Minti ashirin ana nuna Jirgi Ja, ko sau ɗaya ja bai taɓa fuskata ba. Ba idona ba ne. Babu hoto a kaset ɗin, danshin bangon nan ya cinye shi a durowar da na kulle shi da hannuna, sai murya ta rage. Su ma farin suke kallo. Na hana mutum uku abin da suke so tun suna yara, ga shi sun zauna suna yi mini ƙarya don kada in sani.

Na buɗe baki zan yi masifar da na saba, kunya ta rufe mini shi. Da ƙyar na ce, "Kyaftin ɗin fa? Ya sauka?"

A talabijin wani namiji yana magana a hankali, shi kaɗai.

"Bai sauka ba," in ji Yaya. "Ga shi nan a bakin ƙofa. Yana cewa ku ku sauka. Yana cewa shi takardunsa sun mutu tun shekarar farko, a ɓoye yake zaune, in ya fita ƙofar nan ba za a bar shi ya koma ba, ko kafin ya kai ƙofar ma kama shi za a yi." Ya tsaya, na ji yana jan hanci. "Yana cewa ranar da uwarsu ta rasu a ɗakin wanke kwanuka ya yi kukansa, ya wanke fuska ya koma aiki. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa wa ƙaninsa, gara a ce masa mai girman kai da a san yadda yake."

Mutumin cikin talabijin ya daɗe da yin shiru, kiɗan ƙarshe ne ke tashi. Matuƙiya tana kuka a fili. Kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas, ɗakin ya rage sai ƙarar fanka.

Na lalubo gefen injin fotokwafi, na ɗauko wayar na riƙe ta da hannu biyu kusa da kunnena.

"Kuku," na ce, "mayar da shi baya kaɗan. Yaya, wurin nan na bakin ƙofa ban ji shi sosai ba. Sake fassara mini, kuma kada ka tsallake komai."