Kayan Aro Daga Uwar Jami'a

Reshen jami'ar yana da duk abin da ake son jami'a ta mallaka, in dai allon bakin ƙofa za a tambaya. Kibiya ɗaya ta nuna Babban Ɗakin Karatu, wata ta nuna Filin Wasanni, wata kuma Cibiyar Bincike. Wanda ya bi ta Cibiyar Bincike zai tsinci kansa a gonar kuɓewar masu gadi, kuma masu gadin ba sa hana kowa bincike.

Sashen Nazarin Halittu yana can ƙurya, a wani dogon gini da aka ce a da taki ake ajiyewa a ciki. Ɗakin gwaje-gwajen sashen, wanda kowa ke kira lab, yana da teburan siminti shida da famfuna goma sha biyu da ba a taɓa kama ko ɗaya da laifin ɗigar ruwa ba. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne siriri mai difloma, ɗalibai na ce masa Baban Lab. Shekararsa goma sha biyu yana buɗe ƙofar nan da safe, ya share teburan, ya zana maikuroskof a allo, wato na'urar da ake ganin ƙananan halittu da ita. Ya iya zanen har yana yi mata inuwa. Bayan haka ɗalibai su buɗe takardun darasin da Dokta, shugaban sashen, ya buga musu, su kwafi hoton abin da ya kamata a gani a ciki. A littafin lab sai a rubuta cewa an yi gwaji, an samu sakamako mai kyau. Ba a taɓa samun mummunan sakamako a ɗakin ba.

Autar Baban Lab tana ajin ƙarshe a sashen, kuma ita ta fi kowa hannu. Yayyenta huɗu duk sun tsaya a hanya, ita kaɗai ta hango digiri. A gida tun bara uwarta ta ware ƙusa a bangon falo don takardar digirin, ta hana a rataya ko kalanda a kai.

Sai labari ya zo cewa masu tantance kwasa-kwasai suna tafe. Idan suka ce sashen bai cancanta ba, 'yan ajin ƙarshe ba su da takardar shaida, sai dai su zauna jiran ranar da babu wanda zai iya faɗa. Dokta ya bayyana haka a taron ma'aikata, sannan ya ce kada hankalin kowa ya tashi, an riga an yi wa uwar jami'a waya.

Haka ake yi. Duk lokacin da baƙi za su zo, uwar jami'a, wadda ke nesa da tafiyar awa uku, takan ciko babbar mota da littattafai da kwamfutoci da kujeru, a baje su kwana huɗu, a maida. Wannan karon har da maikuroskof ashirin, tsofaffin yayi masu ɗan madubi a ƙasa da ke karɓo hasken taga. Baban Lab ya wuni ranar Litinin yana liƙa tambarin reshe a kan tambarin uwar jami'a. Dokta ya tsaya a kansa ya ce masa kayan mutane ne, a jera su, a rufe su, kada a taɓa.

Da la'asar ɗin Talata babu kowa a ginin. An kwashe ɗalibai zuwa fentin duwatsun bakin hanya. Baban Lab ya zauna yana kallon na'urorin a cikin rigunansu na leda, a jere kamar baƙin da ba a ba su ruwa ba. Rabonsa da sa ido a irinsu shekara ashirin da shida. Ya ce wa kansa ƙura kawai zai goge. Ya goge ƙurar. Sannan ya tsinci kansa a bayan ginin, a tsugune gindin tankin da ke yoyo, yana ɗibar koren ruwa a murfin biro.

Ɗigo ɗaya ya sa a kan gilashi. Ya juya madubin a hankali har rana ta faɗo ciki, ya sunkuya.

Da farko fari ne fes, kamar ka buɗe ido a cikin hazo. Ya murɗa kaɗan. Wani koren zare ya taso daga ƙasan farin, da ɗakuna ɗakuna a jikinsa, kowane ɗaki da nasa hasken. Wani abu mai santsi ya ratso daga hagu, ya yi karo da zaren, ya ja da baya cikin ladabi, ya kewaye. Wani ya zo yana juyi a wuri ɗaya, bai san gaba ba bai san baya ba, kuma ga alama hakan bai dame shi ba. Can gefe wata halitta ta miƙa gefen jikinta, ta yi tunani, sannan sauran jikin ya bi. Babu mai sauri a cikinsu sai wani ƙarami da ya wuce sau uku kamar an aike shi ya manta saƙon. Baban Lab ya bi su lungu lungu. Ya ji ƙarar masu fenti ta yi nisa, kamar daga wani gari. Ya tuna cewa shekara goma sha biyu yana tsallake wannan kududdufin kowace safiya, yana tsaki saboda takalminsa. Da ɗigon ya fara bushewa, ya ga suna taruwa a tsakiya, sai ya yi sauri ya ƙara musu ruwa, har yana ba su haƙuri a ransa.

Bai ɗago ba sai da hasken ya koma ja. Abin da ya fara zuwa masa shi ne ya kira Auta. Ya rufe na'urar kenan Dokta ya leƙo, ya yaba da yadda aka jera kaya, ya karɓi makullin ɗakin ya sa a aljihu, ya ce ya fi kwanciyar hankali haka har baƙi su zo su tafi.

A gida ya yi ƙoƙarin ba da labari. Matarsa ta saurara tana tsince shinkafa, ta ce tunda abin a ruwan tanki yake, daga yau ya riƙa tafiya da na gida. Auta kuwa ta tambaye shi siffar wanda ya yi karo da zaren, ya ce bai tsaya ba balle a ga siffarsa. Ta ɗauko takardun Dokta ta nuna masa: kamar silifa yake, da gashi kewaye, ga baki, ga ciki.

“Baba, anya ba barci ya ɗauke ka a kan tebur ba?”

Ya duba hoton. Shi ne ya koya mata zana shi tun tana aji ɗaya. Ya ce wataƙila.

Baƙin suka iso ranar Laraba, su uku, amma mai magana a cikinsu wata tsohuwar Farfesa ce gajera, da tabarau a rataye a wuya da takalmin roba. Ta bi ɗakin karatu tana shinshina littattafai. A lab ta tarar da ɗalibai ashirin cikin fararen riguna, su ma na aro, kowa tsaye bayan na'ura. Dokta da kansa ya shirya wurin da sassafe, ya ja teburin katakon da za a yi nuni a kai nesa da taga don baƙi su sami hanya. Farfesa ta ce tana son ganin ɗalibi ɗaya ya duba fatar albasa ya zana abin da ya gani. Dokta ya waiwaya kamar mai lalube, ya nuna Auta, wadda tun makon jiya aka zaɓa.

Auta ta sa gilashin yadda zanen allo ya koya mata. Ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya, ta ɗan jima. Sannan ta ɗauki fensir. Cikin minti uku ta jero ƙwayoyin albasa kamar tubalin gini, kowace da ɗigonta a tsakiya, ta ja layuka da rula, ta rubuta sunan kowane sashe. Sauran baƙin biyu suka gyaɗa kai. Dokta ya gyara wuyan riga.

Baban Lab na tsaye a bayan ɗaki. Daga inda yake yana hango ɗan madubin. Bango madubin yake kallo, ba taga ba.

Farfesa ta ɗauki zanen ta yaba. Sai ta ɗora tabarau a goshi, ta sunkuya a kan na'urar. Ba ta daɗe ba.

“'Yata, me kika gani a ciki?”

Auta ta kalli Dokta, ta kalli takardarta. Ta ce a hankali, “Duhu.”

“To wannan fa?”

“Shi ne abin da ke ciki, ranki ya daɗe.”

Ba wayo ta yi ba, kuma duk ɗakin ya san haka. A iya saninta haka ake yi: a sunkuya, a nuna girmamawa ga na'ura, a zana abin da aka sani. Ɗaliban da ke gefenta, waɗanda su ma suka leƙa nasu da safe suka ga duhu, sun ɗauka kowa a duniya duhun yake gani.

Dokta ya farfaɗo da sauri. Ya ce abin kunya ne, ɗalibansu kullum suna aiki da waɗannan na'urori, sakacin mai kula da ɗaki ne da bai daidaita wannan ba, yarinya kuma ta tsorata ta zana na makon jiya. Ya faɗi haka yana kallon Baban Lab. Farfesa ma ta juyo ta tambaya ko haka ne.

Baban Lab ya san abin da zai biyo bayan kowace amsa. Ya kalli ƙeyar 'yarsa, wadda ba ta iya waiwayowa ba.

“Laifina ne, ranki ya daɗe.”

Farfesa ta dube shi. Ɗan yatsanta yana kan tambarin reshe, a daidai gefen da ya ɗan ɗago, tana shafa shi kamar mai lallashin kyanwa. Ta danne gefen ya koma ya liƙe. Ta ce tunda laifinsa ne, ya zo ya gyara.

Ya ɗauki na'urar da hannu biyu ya kai bakin taga. Ya juya madubin, ya murɗa, ya matsa gefe. Auta ta sunkuya.

Minti ɗaya ya wuce ba ta motsa ba. Fensirin ya gangara ya faɗi ƙasa, ba ta bi shi ba. Da ta yi magana, ba da baƙi ta yi ba. Ta ce wa babanta ai ƙwayoyin a karkace suke, kuma babu biyu masu kama da juna, ga wata ma ta fi sauran tsawo sau biyu. Ta ce akwai wani abu zagaye mai baƙin baki, yana sheƙi kamar wata, ba ya cikin takardun Dokta. Ya ce mata kumfar iska ce. Ta ce ko kumfa ce a bar mata ita.

Farfesa ta ja kujera ta zauna. Ta ce sauran ma su kai nasu taga. Dokta ya tuna mata cewa Daraktan reshen na jiransu da abincin rana, ta ce abinci ya saba jira. Baban Lab ya bi layi yana juya madubai, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda haske ya faɗo wa sai ya yi shiru. Wani dogon saurayi, shugaban 'yan aji, wanda ba a taɓa jin ya rufe baki ba, ya tsinke gashin kansa ya sa, ya daɗe yana kallo, ya ce ashe igiyar rijiya yake ɗauke da ita a ka. Wata ta tafi bayan gini da murfin biro, bisa kwatancen Baban Lab. Rana ta matsa daga taga ta farko zuwa ta uku, ɗalibai suka bi ta da na'urorinsu. Baƙin nan biyu suka fita suka dawo. Farfesa ta rubuta wani abu a littafinta, ta daɗe tana rubutawa, babu wanda ya ga ko mene ne.

Ranar Juma'a motar uwar jami'a ta zo. Baban Lab ya ɓare tambura ashirin, ya ƙirga na'urori ashirin, direba ya sa hannu.

Bayan mako bakwai takarda ta iso. An ba sashen amincewar wucin gadi ta shekara biyu, tare da shafi uku na gyare-gyaren da Darakta ya ce za a kafa kwamiti a kai. Shekara biyu ta ishi ajin Auta, har da ragowa. Aka liƙa takardar a allon sanarwa, ɗalibai suka yi ta ɗaukarta hoto. A ranar ce kuma masinja ya kawo wa Baban Lab tasa takardar daga ofishin Dokta, ana neman ya yi bayani cikin kwana biyu kan dalilin da ya sa ya bar kayan aiki ba a daidaita ba a gaban manyan baƙi.

Ya tafi da ita gida. Bayan la'asar ya zauna a tabarma da biro, ya rubuta shafi guda, ya yaga. Ya sake rubuta rabin shafi, ya yaga. Auta ta fito daga kicin da hannu a jiƙe, ta karanta takardar Dokta ta saman kafaɗarsa. Ta ce ya bari ta je ta faɗi yadda aka yi. Ya ce ta bari sai ta karɓi takardar digirinta tukuna, in ya so ta faɗa wa duk wanda ta ga dama.

Ta zauna kusa da shi, ta karɓi biron. Ya faɗa, ta rubuta: ya yi kuskure, bai lura ba, ba zai sake ba. Layi uku ne, amma rubutunta ya fi nasa kyau, sai abin ya fito kamar da gaske. Ya sa hannu a ƙasa, ya tambaye ta ko akwai sauran shayi.