Babana a Barandar Tsohon Shagonsa

Makcik Zaiton ce ta kira ni ina wurin aiki. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, tana sayar da shinkafar kwakwa a bakin masallacin unguwar da na tashi, cikin tsohon garin George Town da ke kan tsibiri.

"Siew Lan, ke kin san inda babanki yake wuni kuwa?"

"Gida mana. Ina zai je?"

"To zo ki gane wa idonki. Ni bakina ya yi nauyi."

A gidan da aka haife ni, ƙasa shago ne, sama ɗakunan kwana. Kakana ya fara saƙar kujerun rotan, wani irin itace siriri mai lanƙwasuwa, a nan tun Turawa na mulki, babana ya gada. Haya muke yi. Da unguwar ta yi suna wajen 'yan yawon buɗe ido, sai aka sayar wa wani kamfani gidan, aka ce mu kwashe kayanmu. Muka koma wani dogon bene a hayin gada. Mama ba ta shekara a can ba ta rasu.

Ban sake taka layin ba sai ranar. Gidan ya zama wurin shan gahawa, an shafe shi da shuɗin fenti. A baranda kuwa ga babana, Teoh Kim Huat, dattijon da duk layin ke gaisarwa, zaune a kan 'yar kujera yana saƙa. An sa masa baƙin wando burgujeje da malafar da bai taɓa sawa ba a rayuwarsa. An gitta igiya a gabansa. Baƙi sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto, wata ma ta ce ya ɗago kai ya yi murmushi. Ya kuwa ɗago.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar ba. Na fizge malafar na yi jifa da ita tsakiyar titi.

Manajan wurin ya fito da sauri, wani mai ƙamshin turare, wai shi Mista Loh.

"Madam, lafiya? Kawu Teoh ai abin alfaharinmu ne. Tarihi muke rayawa."

"Tarihin uban wa? Lokacin da kuka tula mana katifu a bakin kwata, ba tarihi ba ne shi? Kun kore shi da rana tsaka, yanzu kun ɗauko shi kun ajiye kamar biri a keji! Malafar nan fa, a gidan ubanka ka ga masaƙi da ita?"

"Baƙi ne suke son..."

"To kai ka sa ta ka zauna!"

"Siew Lan!" Muryar babana ce, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya. Ya miƙe. "Wa ya aiko ki? Rufe min baki!"

"Baba, kai ba ka ga abin da suka mai da kai ba?"

"Makaho ne ni? Na gani sarai. Ke kin san abin da nake yi a kurkukun da kika ajiye ni? Ki fita da safe, in zauna ni da bango har ki dawo. Ko mai yi min tsiya babu. Nan aƙalla ina jin ƙarar layinmu, Kader mai shayi ya wuce ya ce aikina ya lalace, in rama. Ubana a dakalin nan ya zauna. Su ɗauki hoton, su jiƙa su sha!"

Ya tsallaka titi da kansa, ya ɗauko malafar, ya kakkaɓe, ya kifa a ka. Wani baƙo ya tafa, ya zaci wasa muka shirya musu. Da ƙyar na hana hannuna kai wa baƙon mari.

Mako guda ni da Baba ba mu yi wa juna magana ba. Daga baya na ga dattijo yana bin motar haya da jirgin fito kullum, sai na fara kai shi da kaina. A kan kwana nake sauke shi, ba na shiga layin. Mista Loh ya aiko min da kek wai na sulhu, na ce Baba ya mayar masa. A mota ya cinye rabinsa, yana mitar sukari ya yi yawa.