A Wayar Mubina

…amma ai Mubina ba ta da kalmar sirri. Ban taɓa ba ta ba. To ta yaya sunayen suka fito a wayarta?

"Yaya, wannan ba Baba Yona mai kawo mana doya ba ne?" Haka ƙanwata ta ce, tana dariya, ta miƙo min wayar a cikin Keke Napep, mun doshi Tunga. Dariya take yi. Ba ta san abin da take riƙe da shi ba.

Shafin intanet ɗaya, fuska biyu, haka na yi wa Kawu Ndanusa bayani ranar da na haɗa shi. Baƙo ya buɗe, ya ga hoton doya da ranar taron ƙungiyar manoman Gwada. Wanda ya shiga da kalmar sirri kuwa, shi kaɗai zai ga ɗaya fuskar: jerin mutum goma sha ɗaya masu bugo waya in sun hango 'yan bindiga a daji. Suna, ƙauye, lamba. Kawu ya daɗe yana kallona. "Zikrullahi, ka tabbata?" Na ce Kawu, shekara bakwai ina wannan aikin a Legas. Har da ɗaga kafaɗa… ni da ban iya zama wuri ɗaya ba, na samu abin da zan nuna na dawo da shi.

Kwana tara ina buɗe shafin a wayata, ina ganin sunayen, ina cewa ai don ina ciki ne. Ina ciki — kullum ina ciki. Ban taɓa danna fita in ga abin da baƙo ke gani ba. Ko sau ɗaya.

Mai keke, yi a hankali… a'a, yi sauri. Sauri zuwa ina?

An buɗe shafin sau arba'in da uku. Shugabanninmu masu kalmar sirri su shida ne. Sauran su waye? Yara masu wasa da waya? Ko wani zaune gindin bishiya, bindiga a cinya, yana karantawa da yatsa, layi-layi?

Baba Yona, shi da ya goya ni ranar da kunama ta harbe ni a gonarsa — gumi a wuyansa, yana cewa kar ka yi kuka, ɗan Nufawa. Sunansa ne na uku. Ni na rubuta shi, har na gyara masa harafi.

Na kira shi. Ba ta shiga. Sabis ne, ai kullum haka sabis ɗin can yake… ko? Na sake kira. Wayar Kawu ma a kashe take.

Na cire shafin daga intanet. Minti ɗaya kacal, abin da ya ɗauka ke nan. Fari fat, babu komai.

Mubina na tambaya me ya faru. Na sake kiran Baba Yona. Matar cikin wayar tana sake cewa a gwada an jima.

An jima. Shafin dai na rufe shi. Waɗanda suka riga suka karanta fa — ina zan danna in goge abin da suka gani?