Ƙamshin da Ya Biyo Ta

Hayaƙi ta fara gani tun daga bakin ƙofa. Ummukulthum ta dire bokitin wanka ta ɗaga labule, sai ga doguwar rigar da ta aro da mayafinta a baje kan kabbasa, kwandon da ake turara tufafi a kai, kasko a ƙarƙashi, turaren wuta yana ratsa kowane zare. Mahaifiyarta Yakura na durƙushe tana fifita garwashi tana tari.

"Iya, me kika yi?"

"Na haɗin amare na sa miki," in ji Yakura da Barbarci, fuskarta cike da jin daɗi. "A Bama ba a tura 'ya gaban manya da warin sabulu."

Ummukulthum ta fizge rigar ta kaɗa ta a tsakar gida, amma aikin gama ya gama. Duk wanda ya san hannun Yakura ya san turarenta ba ya barin tufa sai an yi wanki biyu, kuma yau ne ranar intabiyu.

Makarantar kuɗi ce ta 'ya'yan manya, ana neman malamar aji ɗaya. Ƙawarta Sadiƙa, 'yar unguwar Bagadaza, mai aiki a ofishin makarantar, ita ta yi ta horar da ita. Ta koya mata yadda ake zama a bakin kujera, da kallon mai tambaya ba tare da zare ido ba, da amsar da za ta bayar in an ce yaro ya ƙi yin shiru a aji. Sai da suka gama duk wannan Sadiƙa ta rage murya.

"Abu ɗaya, ƙawata. Kada bakinki ya kuskura ya ce Borno. Anti Hilda da ake neman madadinta ba laifin komai ta yi ba. Wata uwa ce ta ji ta a waya tana maganar garinsu, Gwoza. Iyaye suka taso wai ba su san da wa take hulɗa ba. Hajiya mai makarantar ba ta ja da iyaye."

Ummukulthum ta ga abin da sauƙi a lokacin. Tana ƙarama suka gudo daga Bama, bayan an kashe mahaifinta. A Gombe ta yi karatu, Hausarta ta Gombe ce, fuskarta ba tsage. Wa zai gane? Aikin nan kuwa shi ne zai raba Iya da tsugunno kan hayaƙi, don tarin nata ya fara fitowa da jinin da take ɓoyewa a gefen zane. Ita dai ba ta gaya wa tsohuwar sharaɗin ba, domin ta rasa bakin da za ta faɗe shi.

* * *

A cikin keke, daga unguwarsu Gabukka har Bolari inda makarantar take, Ummukulthum ta saki mayafin iska na dukansa. Matar da ke gefenta ta shaƙa ta ce, "Masha Allah, amarya ce?" Ummukulthum ta kau da kai.

Sadiƙa na ganinta a barandar ofis ta matso, ta ja hanci, murmushinta ya ɗauke.

"Ke, wane irin ganganci ne wannan?"

"Iya ce."

"To Allah ya rufa asiri. Ke ce ta gaba."

Ɗakin da sanyin na'ura, tagogi a rufe ruf, wurin da ƙamshi ba shi da hanyar fita. Hajiya Batul mai makarantar na zaune a tsakiya, hedimasta a damanta. Shi ya yi ta jero tambayoyi da Turanci, Ummukulthum na amsawa yadda aka koya mata, har ma da abin da ba a koya mata ba. Da ya ce ta nuna yadda za ta koyar da haruffa, ta tashi ta yi da waƙa da tafi, hedimasta ya yi dariya ya gyaɗa kai. Hajiya kuwa hancinta kawai ke motsi, kamar mai neman inda miya ta kama.

"Zo nan, 'yata," ta ce daga ƙarshe.

Ta kama gefen mayafin ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Haɗin hawi da gabgab ne. Wannan ba na kasuwa ba ne, hannun Barebari ne, na asali. 'Yar ina ce ke?"

"Gombe, Hajiya. Nan na tashi."

"Iyayenki fa?"

"Mahaifina ya rasu. Mahaifiyata... mutanen Katsina ne."

"To wa ya turara miki kaya haka? Irin wannan uwa ke yi wa 'yarta."

Ummukulthum ta tuna gadon bayan uwarta da ya goyo ta cikin daji, ta kuma tuna gefen zanen nan. Abin takaicin shi ne muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Wata 'yar gudun hijira ce a unguwarmu. Sayarwa take yi."

Hajiya ta saki mayafin, ta yi dariya. "Ai kam sun iya turare, wannan ba a ƙwace musu ba. Zama da su ne sai a hankali. Ki fara ranar Litinin. Ki taho min da kwalba ɗaya, amma ke za ki karɓo. Kada ki nuna mata hanyar nan, kin san su da sabo."

"To, Hajiya. Na gode."

A waje Sadiƙa ta rungume ta tana cewa ta ci, ta ci. Ummukulthum ta tsaya kamar itace. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

* * *

Yakura ta yi guɗa har tari ya tare ta, maƙwabta suka leƙo suna barka. Da suka watse ta jawo 'yarta kusa.

"Sun ji turaren?"

"Sun ji, Iya. Mai makarantar ma tana son kwalba ɗaya."

"Ba na gaya miki ba!" Ta miƙe da ƙarfin da ta daɗe ba ta yi ba, ta buɗe tukunyar da take ajiye na musamman, ta cika kwalba har wuya tana dannawa da yatsa. "Kyauta ce, kada ki karɓi komai. Ni zan kai mata da kaina in yi godiya. Macen da ta ɗauki marainiya aiki ai a je a gan ta."

Ummukulthum ta dubi dogayen tsagen da ke kumatun uwarta, waɗanda take bi da yatsa tana yarinya har barci ya ɗauke ta. Ta sa hannu ta zare kwalbar a hankali.

"Ba a barin baƙi su shiga, Iya. Doka ce."

Yakura ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

Ranar Litinin da sassafe ta hura garwashi, ta kafa kabbasa, ta juya ɗauko kayan da 'yarta za ta sa zuwa aiki a ƙusar da ake ratayewa. Ƙusar ba komai. Tun jiya Ummukulthum ta wanke su sau biyu ta kai ɗakin maƙwabciya, can kuma ta shiga ta shirya. Daga tsakar gida ta yi sallama, ba ta matso ba.

Yakura ta koma ta zauna gaban kaskon, turaren a tafin hannunta, har garwashin ya yi toka.